Cikin Da Bai Ƙarasa Gida Ba

Kalma ɗaya Hausa ta ba mu ga tumbi da juna biyu: ciki. Idan aka ce wance ta samu ciki, ba wanda yake tambayar a ina. Muna da "ciki ya shiga", "ciki ya zauna", "ciki ya zube", har da "ciki ya kwanta", wanda tsofaffinmu suke rantsuwa yana iya shekara biyu yana barci kafin ya motsa. Amma ba mu gaji kalmar cikin da ya shiga, ya kuma zauna a inda ba masaukinsa ba. Sai da asibiti ya zo aka haɗa masa dogon suna, ciki a wajen mahaifa, kuma har yau idan muka faɗa wa dangin mara lafiya sai sun sake tambaya: "Waje kamar yaya, Sista?"

Mu ma'aikatan jinya ne da ungozomomi a sashen mata na babban asibitin wani gari, wanda ya wuce ƙauye bai kai birni ba. Wannan tambaya mun amsa ta a tsaye a baranda, mun amsa ta a bakin ɗakin tiyata, wani lokaci muna zana hoto da biro a bayan katin asibiti. Mahaifa a tsakiya. Bututu biyu, dama da hagu, kowanne kamar santimita 10. A bakin kowane bututu akwai gidan ƙwai, wanda bai wuce girman dabino ba. Duk wata ɗaya daga cikinsu yakan saki ƙwai, bakin bututu ya cafe shi, a cikin bututun ya haɗu da maniyyi, sannan ya yi tafiyar 'yan kwanaki ya isa mahaifa ya maƙale. A cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu ba sa ƙarasa wannan tafiya. Fiye da 90 cikin 100 na waɗanda suka tsaya a hanya, a bututu suke tsayawa, shi ne wanda kowane ma'aikacin asibiti ya sani. Wanda muke son magana a kansa shi ne wanda ko hanyar bai kama ba: ƙwai bai bar gidansa ba maniyyi ya same shi a can, ko kuma ya fito ya haɗu da maniyyi ya koma ya manne a jikin gidan ƙwan. Wannan bai wuce ɗaya zuwa uku ba cikin kowane 100 na cikin wajen mahaifa. Ma'aikaci yana iya yin shekaru a ɗakin mata bai gan shi ba.

Ɗan tayi bai san inda yake ba. Duk inda ya samu kansa aikinsa ɗaya, ya kafa saiwa, ya huda nama yana neman jijiyar jini. Mahaifa an gina ta don wannan, tsoka ce mai kauri da take buɗewa wata tara ba ta yage ba. Gidan ƙwai kuwa ba ya buɗewa, ga shi jijiyar da take kai masa jini daga babbar jijiyar jiki take ɓullowa kai tsaye. Yawanci kafin a cika wata uku ya fashe, jini ya riƙa zuba a cikin ramin ciki, inda ba zani ba tabarma da za su nuna shi. Wannan shi ne abin da ya fi wahalar fahimtarwa. Mutanenmu suna tsoron jinin da suka gani. Macen da take ta zuba ta ƙasa, a guje ake kawo ta. Wadda ta zubar da lita biyu a cikin cikinta, ɗigon da ya fito waje bai ɓata ko ƙyalle ɗaya ba, ita ce ake jiƙa wa kanwa a ce ta kwanta zai faɗa.

Akwai wata amarya da har yau muke ambato idan muna koya wa ɗalibai. Wata huɗu da kai ta ɗaki. Da daddare aka kawo ta a adaidaita sahu, mijinta da mahaifiyarsa suna riƙe da ita. Ciwon mara tun jiya, an sayo maganin olsa a kemis, wani ya ce taifod ne. Da ta tashi za ta shiga banɗaki ta yanke jiki ta faɗi. Muka tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Ta sunkuyar da kai. Surukarta ta amsa mata: "Lafiyarta ƙalau, 'yar nan, ba abin da kike zato ba ne." Ba ƙarya Hajiya ta yi ba, iyakar saninta ke nan. Wace amarya ce za ta buɗe baki a gaban uwar miji ta ce ta yi ɓatan wata, cikin fari kuma? Muka ce, "Hajiya, ku ɗan ba mu wuri za mu canza mata kaya." Labule yana rufuwa ta ce a hankali, sati biyu ya wuce ba ta gani ba, sai shekaranjiya ta ga wani ɗan baƙi-baƙi, ta ɗauka ita ce ta zo a makare. Sannan ta ƙara wani abu da ita ba ta ɗauke shi komai ba: kafaɗarta tana ciwo, kamar ta kwanta a kanta.

Ciwon kafaɗa ga macen da mararta take ciwo, mu ba ma wasa da shi. Jinin da ya taru a ciki idan mace ta kwanta yakan gangara sama ya taɓa shimfiɗar naman da ta raba ƙirji da ciki, jijiyar da take kula da wurin kuma tushenta ɗaya da ta kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ji ciwon a can. Haka nan awon hawan jini yana ruɗi. Yarinya mai ƙuruciya jikinta yana iya riƙe awon daidai har ta zubar da jini mai yawa, sannan ya faɗi lokaci ɗaya. Bugun zuciya shi yake fara tona asiri. Nata yana gudu, tafin hannunta da cikin idonta fari fat.

Shi ya sa muke da doka a sashenmu, kuma muna ganin ya kamata ta zama doka a kowane kemis da kowane ƙaramin asibiti: duk macen da take shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara ko suma, a yi mata gwajin ciki na fitsari kafin a yi maganar taifod. Ko ta ce tana al'ada. Ko mijinta yana Kudu wata shida. Ko bazawara ce, ko budurwa, a nemi hanyar da za a yi shi ba tare da an tozarta ta ba, a kuma rufa mata asiri. Tsinken gwajin minti biyar ya ba da amsa. Na amaryar nan layi biyu ya nuna.

Gwajin fitsari yana cewa akwai ciki, ba ya cewa a ina. Sinadarin da yake ganowa, wanda ake kira hCG, saiwar ɗan tayi ce take fitar da shi ko a mahaifa take ko a waje. Inda ake da ɗakin gwaji mai kyau ana auna yawansa a jini. A cikin da yake lafiya a makonnin farko yakan kusa ninkawa duk kwana biyu, kuma idan ya haura 1,500 zuwa 2,000 ya kamata na'urar sikanin da ake sawa ta gaba ta ga jakar ciki a mahaifa. Idan lamba ta kai haka mahaifa kuma wayam, to a nemi cikin a wani wuri. Mata da yawa ba sa son wannan sikanin na gaba, mun kuma san dalili, amma a sati biyar ko shida na saman ciki sau da yawa ba ya ganin komai. Akwai kuma tarko biyu. Mahaifa takan tara ɗan ruwa mai kama da jakar ciki alhali ba kowa a ciki, mai sikanin da yake sauri ya rubuta ciki lafiya. Ko kuma shimfiɗar mahaifa ta fito guda-guda kamar tsoka, kowa ya ce ɓari ne, a yi wankin ciki a sallami mace, cikin kuwa yana can gefe yana girma.

Na gidan ƙwai yana da nasa tarkon na daban, kuma shi ne ya sa ko manyan likitoci ba kasafai suke kiran sunansa ba kafin a buɗe ciki. Duk lokacin da ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yakan zama wata 'yar jaka mai launin rawaya, ita ce take fitar da sinadarin da yake riƙe ciki har mabiyiya ta karɓi aikin wajen sati goma. Kowace mai ƙaramin ciki tana da wannan jaka, lafiyayyen abu ne. A allon sikanin kuwa zobe ce a jikin gidan ƙwai, jini yana kewaye da ita, wani lokaci ma tana fashewa ta yi jini. Cikin da ya zauna a gidan ƙwai shi ma zobe ne a jikin gidan ƙwai, jini yana kewaye da shi. Akwai dabarar da masu sikanin suke yi, su ɗan tura da kan na'ura: idan ƙullutun ya zame daban, gidan ƙwai ya zame daban, to a bututu yake. Idan suka tafi tare, a jikin gidan ƙwai yake. Sai dai dabarar a nan ta tsaya, domin jakar rawaya da cikin duk tare suke tafiya da shi. Sai fa idan an yi sa'a an hango ɗan tayin kansa a cikin zoben. Ga hatsarin kuskure ta kowane ɓangare: a ɗauki ciki a matsayin jaka a sallami mace ta je gida ya fashe, ko a ɗauki jaka a matsayin ciki a yanke ta, alhali akwai ɗan ƙaramin ciki lafiyayye a mahaifa da bai isa gani ba, wanda da ita ya dogara.

Amaryarmu ba ta ba da lokacin wannan dogon lissafi ba. Sikanin ya nuna mahaifa ba komai, ruwa ya cika bayanta har gefen hanta. Likita ya soka allura a mararta ya zuƙo jini, muka ajiye sirinjin, bai daskare ba. Jinin da ya kwana a ramin ciki ba ya daskarewa kamar wanda aka ɗebo daga jijiya. Daga nan sai neman sa hannu da neman jini.

Hausawa sun ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda ya yi wannan magana bai yi aikin dare a ɗakin mata ba. Mijin, yaro ne shi ma, ya riƙe biro ya kasa rubutu. Tambayarsa ɗaya: "Likita, mahaifar za a cire mata?" Hajiya kuwa tata tambayar ta fi tasa nauyi. Ta ce, "Tunda ɗa ne, kuma kun ce wuri ya ɓata, me zai hana ku ɗauke shi ku mayar da shi inda ya dace?" Ba tambayar jahilci ba ce. A 2019 wasu 'yan majalisar jihar Ohio a Amurka sun gabatar da ƙudurin da ya nemi likitoci su riƙa ƙoƙarin yin hakan, likitocin ƙasar suka ce babu irin wannan aikin a duniya, ƙudurin bai zama doka ba. Saiwar da ta riga ta kama nama idan aka tumɓuke ta ba ta sake kamawa. Abin da muka faɗa wa Hajiya ke nan, muka ƙara da cewa ba zubar da ciki za a yi ba, cikin ya riga ya fashe, abin da ya rage a hannunmu ran yarinyar ne. Ta yi shiru, sannan ta ce wa ɗanta, "Sa musu hannu."

Jini kuwa kowa ya san yadda yake a asibitocinmu, sai dangi sun bayar ake ba da na ajiya. Kafin ƙannen miji su iso daga unguwa a gwada su, likita ya yi abin da likitocin Afirka ta Yamma suka daɗe suna yi a irin wannan dare: ya kwashe jinin da ya taru a cikinta, aka tace shi ta ƙyallen tiyata mai tsabta ninki-ninki, aka zuba a leda mai maganin hana daskarewa, aka mayar mata da abinta ta jijiya. Ana yin haka ne kawai idan jinin sabo ne, bai yi wari ba, ba alamar ƙwayar cuta. Wanda bai taɓa gani ba yakan yi tsaye yana kallo.

Da aka share wurin, kowa ya kai ido ga bututu, don can aka saba samu. Na dama lafiya. Na hagu lafiya, siririnsa da shi, ba kumburi. Jinin daga gidan ƙwai na hagu yake tsartuwa, ta wani ɗan baki mai duhu. A nan ne ake gane likita. Hanya mafi sauri ita ce a ɗaure jijiya a cire gidan ƙwan gaba ɗaya, minti kaɗan an gama, kuma akwai ranar da ba makawa sai haka, idan ya dagargaje ko jini ya ƙi tsayawa. Amma idan akwai sauran nama mai kyau, abin da ya dace shi ne a yanke wurin da cikin yake kamar yadda ake fitar da ɓarin kankana, a ɗinke sauran. Mace da adadin ƙwanta ake haifar ta, ba a ƙara mata, 'yar shekara sha tara kuwa tana da sauran tafiya. Likitanmu ya yanke ɓarin ya ɗinke. A manyan asibitocin koyarwa, idan mace ba ta galabaita ba, ana yin wannan aiki ta ƙananan huji uku ko huɗu da kyamara, kwana ɗaya ko biyu ta koma gida. Mu buɗewa muke yi, kuma ga wadda jininta yake ƙarewa buɗewar ba abin raini ba ce.

Ko a lokacin likita bai rubuta ciki a gidan ƙwai ba. Ya rubuta ana zato. Naman da aka yanke muka sa a kwalba da ruwan magani, mijin ya kai ɗakin binciken nama a asibitin koyarwa, sai bayan sati uku takarda ta dawo. Wannan taka-tsantsan tsoho ne. A 1878 wani likitan mata Bajamushe, Otto Spiegelberg, ya kafa sharuɗɗa huɗu kafin a yarda ciki na gidan ƙwai ne: bututun ɓangaren ya kasance lafiya kuma a rabe da shi, jakar cikin ta kasance a mazaunin gidan ƙwai, tana haɗe da mahaifa ta igiyar da take riƙe gidan ƙwai, sannan a ga naman gidan ƙwai a bangon jakar a ƙarƙashin madubin bincike. Dukkansu sai an yi tiyata ake iya tabbatar da su, shi ya sa masu sikanin na yau suke ganin sun tsufa. Duk da haka likitoci da yawa na wancan zamani ba su yarda abin yana faruwa ba, sai da wata likita a Amsterdam, Catharine van Tussenbroek, ɗaya daga cikin matan farko da suka zama likitoci a ƙasar Holan, ta nuna shi ƙarara a yankan nama a 1899. Muna jin daɗin faɗa wa ɗalibanmu mata cewa mace ce ta kashe gardamar. Shi kansa yanka ciki don tsayar da jinin cikin da ya fashe a bututu, sai a 1883 Lawson Tait ya yi shi da nasara a Ingila. Kafin nan kallo ake yi ana addu'a. Labarin cikin da ya zauna a waje kuwa ya girmi duk waɗannan, ana danganta bayaninsa na farko ga Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, mai littafin At-Tasrif, shekara dubu da suka wuce.

Masu karatu a waya za su ci karo da maganar allura, su ce me ya sa ba a yi mata ita ba. Akwai ta, sunanta metotirekset, asalinta maganin daji ce, tana hana saiwar ɗan tayi girma har jiki ya shanye ta. Tana aiki sosai ga cikin bututu da aka gano da wuri, bai fashe ba, lambar sinadarin tana ƙasa. Amma tana da sharaɗi mai tsada a wurinmu: mace ta riƙa dawowa ana auna jininta mako-mako har lambar ta koma sifili, kuma ta kasance kusa da asibitin da zai iya yi mata tiyata cikin dare, don yana iya fashewa ko bayan allurar. Wadda gidanta yake bayan kogi da damina, ba gata aka yi mata ba. Ga na gidan ƙwai kuma, tunda sau da yawa sai an leƙa ciki ake gane shi, idan an riga an shiga gara a gama aikin. An fi ajiye allurar don wadda aka yi wa aiki lambar ta ƙi sauka, alamar an bar 'yar saiwa. Duk wadda aka yi wa ita, sai ta jira aƙalla wata uku kafin ta sake ɗaukar ciki.

Ana yawan tambayarmu me ya jawo. Cikin bututu yana da alaƙa da ciwon sanyi da ya yi wa bututun tabo, ko tiyatar da aka taɓa yi a wurin. Na gidan ƙwai sau da yawa yana samun macen da bututunta lafiya ƙalau. An fi ganinsa ga masu robar tazarar haihuwa da ake sawa a mahaifa, da waɗanda aka yi wa dashen ƙwai. Maganar roba tana son a yi ta daidai, don mun san yadda ake juya ta a gidan biki. Roba ba ta tura ciki waje. Tana hana ciki sosai, har mai ita ta fi wadda ba ta komai tsira daga cikin wajen mahaifa. Sai dai ta fi tsaron mahaifa a kan gidan ƙwai, saboda haka a 'yan lokutan da ciki ya kuɓuce mata, yiwuwar a same shi a waje ta fi yawa. Mai roba da ta yi ɓatan wata ta yi gwaji, layi biyu ya fito, ranar za ta zo, ba gobe ba. Amaryarmu ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bayan tiyata ba wankin ciwo ba ne. Kafin mace ta farfaɗo, labari ya riga ya isa unguwa cewa an cire mata mahaifa, ko an juya mata ita. Mun ga auren da wannan magana ta girgiza, mun ga wadda aka fara yi wa zancen kishiya tun zaren ɗinki yana jikinta. Don haka ba ma sallama sai mun zaunar da miji da uwarsa, da uwar yarinya idan ta zo, mu sake ɗauko biro. Mahaifa tana nan. Bututu biyu suna nan. Gidan ƙwai na dama cikakke, na hagu an rage shi. Ko da ɗaya aka cire gaba ɗaya, ɗayan yana ɗaukar aikin, al'ada tana zuwa duk wata, ana haihuwa. Wata tsohuwa ta taɓa tambayarmu ko na hagun shi ne na 'ya'ya maza. Muka ce mata namiji ko mace daga maniyyin uba yake, ta kalli ɗanta ta yi dariya. Kuma cikin gidan ƙwai, saɓanin na bututu, da wuya ya maimaita kansa.

Ita kanta yarinyar, sai da aka kwana biyu sannan ta tambaye mu, da ba kowa a kusa, ko ya kai a gane mace ne ko namiji. Kowa yana ta yi mata barka da arziki, ba wanda ya yi mata gaisuwar rashi. Muka ce bai kai ba. Muka zauna da ita kaɗan.

A katin sallama muna rubuta ɓangaren da aka yi wa aiki, hagu ko dama, da abin da aka cire da abin da aka bari, domin shekara biyar nan gaba a wani asibitin tabo kawai za a gani. Muna duba rukunin jininta, idan mai alamar ragi ne a yi mata allurar kariya cikin awa 72 saboda cikin gaba. Muna ba ta maganin ƙarin jini na watanni, da ranar da za ta dawo a sake gwaji har sinadarin ya ɓace. Sannan mu ja layi a ƙarƙashin magana ɗaya, mu karanta mata a gaban mijin: duk ranar da ta sake ɓatan wata, kada ta jira ciki ya fito kafin ta fara awo, ta zo a sati na shida a yi sikanin a ga inda ya sauka.